Fashi na Uku a Gayyar Ƙofa

Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo ba a Kankia. Marka ce ta sosai, ba tsawa ba iska, sai yayyafi ya tsaya ya huta ya sake dawowa. Batirin solar gidana ya ja baya, kwamfutar da nake aiki da ita tana ta gargaɗi, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Na je bakin ƙofa na dawo ya fi sau goma, har matata ta ce in dai ba rana zan kirawo ba, in zauna in bar mata hanya. Ita ta ɗauka batirin ne ya dame ni. Ba shi ba ne. Duk sanda sama ta rufe haka, iska ta ɗauko ƙamshin ɗanyar ciyawa, wani azumi nake tunawa da ya faɗo tsakiyar damina, shekarun baya da yawa, ina saurayi a gidanmu na Ƙofa.

A ranin shekarar mahaifinmu, Malam Garba, ya rasu. Mahaifiyarmu ta riga shi da daɗewa. Gidan ya rage daga ni sai yayata Hadiza, wadda ta dawo da 'ya'yanta mata biyu bayan mijinta ya rasu. Ni na gama difloma a fannin kwamfuta, na yi shekara guda ina yawon neman aiki har takalmina ya cinye, sannan na dawo gida da tsohuwar laftof wadda batirinta ba ya wuce minti arba'in. Abin da baba ya bar mana gona ce guda, babba, ta dawa da wake, a gabas da gari. Ita ce abincinmu na shekara, babu wata.

Wanda bai yi azumi cikin marka ba bai san wata irin yunwa ba. Ba ƙishirwa ke damunka ba, ruwa ga shi ko'ina. Ciki ne. Rumbu ya yi ƙasa har sai mutum ya shiga da jikinsa duka kafin ya ɗebo dami, gero a gona ya fitar da kai amma bai nuna ba, kana kallonsa yana kallonka. Yaya Hadiza ta raba abin da ya rage gida talatin a ranta, ba ta taɓa faɗa ba, amma ina ganin yadda take share bakin kwano da tafin hannu kafin ta zuba a turmi. Sahur ɗumamen tuwo ne, wani lokaci ruwansa ya fi shi yawa. Da la'asar ta fita bayan gida ta tsinko tafasa da rama, ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli. Itace duk ya jiƙe, sai ta yi ta hura wuta idonta na hawaye, hayaƙi ya cika madafi ya ƙi fita. Soron ɗakina yana yoyo wuri biyu, ɗaya daidai inda nake ajiye laftof, don haka a cikin buhun leda take kwana. Wanki kuwa sai ya yi kwana uku a igiya yana warin ruma.

Ciyawa ita ce ta ji daɗin shekarar. Harƙiya da kiri-kiri suka tashi a gonarmu kamar an shuka su, ka nome yau, ruwa ya mayar da su jibi. Mutum ɗaya da hauya ba zai iya maimai a wannan gona ba ko da ba azumi yake ba. Abin da ke fid da mu kullum gayya ce. Yanzu in ka zo Ƙofa da damina, mutum ɗaya za ka gani da tankin feshi a baya, ya gama gona kafin azahar. A lokacin gida tara ne muke haɗuwa, kowane gida ya ba da namiji ɗaya, a bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Baba Ɗanjuma, aminin mahaifinmu, shi ne shugaba, shi ke kiran sunayen gidaje a bakin gona kafin a duƙa. Saboda azumi, daga bayan asuba zuwa hantsi kawai ake yi. Kuma tunda ba a cin abincin gayya a gona, mai gonar kan aika da kwanon kunu da ɗan abin taɓawa gidan duk wanda ya zo masa, kafin a sha ruwa. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: gidan da ya yi fashi uku, an tsallake gonarsa a wannan zagaye. Tamu ita ce ta kusa da ƙarshe, an sa mata ashirin da uku ga wata. In aka tsallake ta, dawar ta tafi.

Na san wannan duka. Sai dai raina rabi yana Kankia.

Wani tsohon malaminmu, Malam Nasiru, ya buɗe ɗan kamfani a Kano da mutum uku. Sun yi wata 'yar manhajar rubutu mara nauyi, ta masu shagunan buga takardu da ke fama da tsofaffin kwamfutoci. Ana saura kwana biyu a kama azumi ya kira ni ya ce akwai gurbin mutum ɗaya, mu biyu ke nema, kuma akwai wata matsala da ta gagare su. A duk waɗanda ke amfani da manhajar, mutum ɗaya ne ke kuka, wani dattijo mai shago a Kankia. Wani lokaci in ya buga wasiƙa sai ta fito a yanke, sakin layi na ƙarshe da wurin sa hannu sun ɓace. Su a Kano sun gwada sun gwada, lafiya lau take fitowa.

"Kai ne kusa da shi," in ji Malam Nasiru. "Ka gano ta kafin Sallah, kujerar taka ce."

Ya turo mini rubutun cikin manhajar, 'ya'yan hanjinta ke nan, na buga shi a takarda don in riƙa karantawa in batiri ya mutu. Ban daɗe ba na ga wurin da ake yanke bugu. A manhajar, in mai rubutu yana son ya ajiye wasu bayanai a ƙasan takarda waɗanda ba za a buga ba, sai ya rubuta ƘARSHE da manyan baƙaƙe a farkon layi, firinta ta tsaya nan. Abin da ke nemo wannan layin wani ɗan gajeren umarni ne, mu a aji rejeks muke ce masa. Kwatance ne kawai, irin wanda ake ba mai cigiya in akuya ta ɓace: ja ce, da farin goshi, kunnen hagu a tsage. Nan ma haka aka gaya wa kwamfuta, nemo layin da ya fara da waɗannan baƙaƙe shida, manya, a wannan jeri. Na karanta shi gaba da baya, ba shi da aibi. Da ƙananan baƙaƙe na rubuta kalmar sau ɗari a laftof ɗina, ko gezau, ba ta yanke komai ba.

Haka na shiga azumi da abu a kai. Ina duƙe a gonar mutane ina sara, kaina yana bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya, har na taɓa sare dawar Malam Isiya, ɗaya daga cikin 'yan gayyarmu, tushe biyu ban sani ba. In mun tashi da hantsi, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, ni sai in baza takardu a tabarma, in kunna laftof, in kashe, in tashi, in zauna. Barcin rana ya ƙaurace mini. Yaya Hadiza na wucewa da kwarya ta dube ni.

"Injiniya, wai mi kake nema cikin madubin ga? In tuwo ne, hwaɗi mani in zo mu nema tare."

Ban iya dariya ba, haushi ma na ji.

Fashina na farko ranar shida ga wata ne. Na hau keken baba na tafi Kankia don in yi caji in ga dattijon, ina ce wa kaina ɗaya ba komai ba ne. Malam Lawal mai tafireta ake ce masa, ko da yake tafiretar ta daɗe a kan kabad an lulluɓe ta da tsumma. Siriri ne, mai tabarau masu kauri, shagonsa ɗaki ɗaya kusa da tasha. Na gaishe shi, na faɗi wanda ya aiko ni, na miƙa hannu wajen kwamfutarsa. Ya dafe madannan da hannu biyu.

"Samari, injin ga cike yake da sirrin mutane. An taɓa yin wani da jaka irin taka, ya ce mani minti biyar, ya share mani aikin shekara biyu. Ba ka taɓa shi."

Da ƙyar ya yarda ya sa mini wata tsohuwar wasiƙa guda a filashi, wadda ya ce ta taɓa yankewa. Na buɗe ta a tawa, na buga a shagon maƙwabcinsa, ta fito cif har da wurin sa hannu. Na koma gida da la'asar, ban ƙaru da komai ba.

Na biyu ba da gangan ba ne, ko da yake Yaya ta ce wanda ya je inda ruwa zai tare shi, shi ya tare kansa. Sha uku ga wata na sake komawa da yamma, da niyyar in dawo a ranar. Ruwa ya sauko, rafin da ke hanya ya cika ya kawo, na kwana a Kankia wurin wani abokin karatu. Kafin in iso Ƙofa washegari an tashi daga gayya. Na tarar da Baba Ɗanjuma a bakin masallaci yana kankare taɓo daga ƙafarsa da tsinke. Bai ɗago ba.

"Ɗan Garba, ubanka tunda muka tashi bai taɓa sa na kira gidanku sau biyu ba. Biyu ke nan gare ka. Ni ba ni son in kai ga abin da ba ni so."

Na ce in Allah ya so ba za a ƙara ba, kuma har zuciyata nake nufi.

Daga nan na riƙa zuwa Kankia ranakun da babu gayya kawai, ina zama a bencin Malam Lawal kamar mai jiran bashi, yana korata da ido. Duk ranar da nake nan, wasiƙu lafiya suke fita. Ranar da ba na nan, sai in dawo ya nuna mini takarda a yanke, ya ce ga aikin mutanenku. Na fara zargin firintarsa, na zargi wutar janareta, na zargi dattijon kansa. Na rame, wuyana ya yi tsawo. Malam Nasiru ya kira sau biyu yana tambaya, a na biyun ya ce ɗayan yaron ma yana ƙoƙari. Ran sha takwas Malam Lawal ya gaji da ganina.

"Jibi da yamma nike shiga ittikafi, shagon ga sai bayan Sallah. Da sahe zan ƙare dukkan aikin da ke hannuna, wasiƙu sun kai goma. In kana so, taho ka zauna bayana ka kalla tun daga buɗewa. Ka kalla na ce, ba ka taɓa ba."

Na yi godiya har da rusunawa. Sai da na hau keke na ƙirga, jibi ashirin ga wata, ranar gayyar gonar Malam Isiya ta biyu.

Taura biyu ba ta taunuwa, kowa ya sani, amma ni kwana biyu na yi ina juya su a baki. In je gayya in ruga Kankia da hantsi? Kafin in isa ya gama ya rufe. In roƙi Baba Ɗanjuma? Na san amsarsa, kuma ba ni da fuskar. In nemi wanda zai tsaya mini? Kowane gida namijinsa na da tasa kuyyar, layin shukar da zai nome. Ranar sha tara bayan mun sha ruwa, ina juya kwaɗon tafasa ban ci ba, Yaya Hadiza ta ajiye ludayinta.

"Gobe gonar Malam Isiya. Ka san ko ta nawa ce gare ka in ka ƙi zuwa?"

"Na sani, Yaya."

"Ta ukku. Ni dai ban iya karatunku ba, amma na iya ƙirga dami. Abin da ke rumbun ga ba shi kai mu Sallah babba. In dawar ga ta tahi, ɗiyan ga mi za su ci, takarda?"

"Na ce zan je."

Na faɗa ne don ta yi shiru. Da aka idar da sallar asuba na ɗauki hauyar baba na fito tana gani. A zaure na tsaya. Ana yayyafi, ina jin muryoyin mutane suna wucewa ta ƙofar gida zuwa gona. Na jingine hauyar a bayan ƙyaure, na ciro laftof daga inda na ɓoye ta tun jiya, na ja keke ta bayan gari. Har yau in na tuna yadda na ɗaga keken don kada sarƙarsa ta yi ƙara, sai in ji jikina ya yi sanyi.

Na isa Kankia a jiƙe, taɓo har gwiwa. Malam Lawal ya nuna mini benci a bayansa, ya tada janareta, ya yi bismilla. Wasiƙa ta farko ta fito lafiya. Ta biyu lafiya. Ni kuwa idona na kan yatsunsa, raina na bakin gonar Malam Isiya. Yanzu an jeru. Yanzu Baba Ɗanjuma ya kira gidan Garba. Yanzu ya sake kira. Ƙafata ta riƙa kaɗawa da kanta har bencin na ƙara, dattijon ya waiwayo ya ce in ƙuma ne ke cizona in fita waje. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk lafiya. Na fara tunanin na sayar da gonar ubana a banza.

Ta shida takardar mutanen wata unguwa ce a Sukuntuni, suna roƙon a gyara musu kwalbatin da ruwa ya cinye. An rubuta sunan wakilinsu ba daidai ba a wurare da yawa, sai Malam Lawal ya buɗe wurin nema don ya gyara. Kafin ya rubuta sunan, hannunsa ya je wani ɗan akwati a gefe ya sa masa alama, da sauri, irin abin da hannu ya saba ba tare da mai shi ya sani ba. Ya gyara, ya tura firinta. Takardar ta fito, gaisuwa da bayanin kwalbati duk suna nan, roƙon da wurin sa hannu babu. Na miƙe tsaye.

"Baba, wancan akwatin da kuka taɓa fa?"

"Wanne? Au, wanga? Shi ke sa ya bar bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana. Idona ba shi son wahala. In na ce a nemo mani Audu, a nemo mani Audu, da rawani ko ba rawani."

Na leƙa allon. Sakin layin da ya ɓace ya fara ne da "Ƙarshe, muna roƙon", yadda yake rufe kowace wasiƙa tun zamanin tafireta. Na zaro takarduna daga leda, na bi layin da na karanta ya fi sau ɗari. Rejeks ɗin ba shi da laifi. Laifin a wurin kiransa yake. Neman da mai rubutu ke yi da hannunsa da neman da manhajar ke yi a cikinta, randa ɗaya suke sha. Wanda ya rubuta manhajar bai gaya wa na cikin ya tsaya a kan nasa ba, sai ya zama duk abin da mai shago ya zaɓa, shi ma shi yake bi. Da zarar Malam Lawal ya sa alamar nan, manhajar ta daina ganin bambancin ƘARSHE na umarni da kalmar da mutum ya fara magana da ita. In an kashe kwamfuta alamar ta goge, shi ya sa wata rana lafiya wata rana ba lafiya. Ni kuma ban taɓa sa ta a tawa ba.

Na kunna laftof, na sa alamar, na buga wasiƙar da ya ba ni tun shida ga wata. Ta yanke. Ban taɓa murnar ganin abu ya lalace irin ta ranar ba. Gyaran kalma uku ne a layi ɗaya: na cikin ya bambanta manya da ƙanana kullum, ko mai shago ya zaɓi me. Na sake bugawa ta fito cif. Malam Lawal ya ɗaga takardar kusa da tabaransa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, ashe kana da amfani." Na tura wa Malam Nasiru daga wani shago mai intanet, kafin azahar ya kira ya ce in shirya kayana, bayan Sallah in taho Kano. Sai da na ajiye wayar na dubi sama, hantsi ya daɗe da wucewa.

Hanyar komawa ta fi ta zuwa tsawo. Ina tuƙi ina shirya magana. Zan ce wa Yaya na sami aiki, albashin fari zan sayo buhun dawa, zan ɗauki 'yan ƙodago. Ni kaina na san kafin albashin ya zo ciyawa ta gama da gonar, amma na yi ta maimaitawa har na kusa yarda. Na iso la'asar sakaliya. A zaure na duba bayan ƙyaure, hauyar ba ta nan.

Tsakar gida shiru, ba ƙarar turmi, ba hayaƙi. Wani zane na rataye a igiya, gefensa duk jar laka. Yaya Hadiza na zaune a bakin ɗakinta, ta tsoma hannuwanta biyu a kwaryar ruwan ɗumi. Na yi sallama ta amsa ba ta dube ni ba. Na ce, "Yaya, na sami aikin." Ta ce, "Madalla." Na tsaya da jaka a kafaɗa kamar baƙon da ba a ba tabarma ba.

Ana cikin haka aka yi sallama, Iya Ladi matar Malam Isiya ta shigo da kanta, da kwanon kunu a rufe da faifai da ƙosai a ganye. Kwanon gayya ne, wanda ba a kai wa gidan da bai je ba. Ta wuce ni ta ajiye shi gaban Yaya, ta kama hannunta ɗaya ta ɗago. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai ne Aminu mai injin? To bari in ba ka labari, tunda ba ka nan. Anka kira gidan Garba, shiru. Anka sake kira, shiru. Ɗanjuma ya buɗe baki zai yanke magana, sai munka ji daga bakin shinge an ce, ga mu. Mazan ga sunka yi cirko-cirko. Wani ya ce ba a taɓa yi ba, mace cikin gayyar maza. Ta ce masu, in hauya kuke ƙirgawa, ga ta ubana, in kau gemu kuke ƙirgawa, ku hwaɗi in koma gida. Ɗanjuma ya dube ta, sannan ya ce a ba ta kuyya. Da azumi a bakinta ta kai ta har ƙarshe, ita ce ta tashi bayan kowa, ba ta bari an kama mata ba."

Da aka kira magariba Yaya ta ce in zuba wa yara kunun, don ita ba ta iya riƙe ludayi. Ta ce ni ma in sha. Na sha, yunwa ba ta san girma ba.

Ran ashirin da uku na riga kowa zuwa gonarmu. Gari bai gama wayewa ba, raɓa ta jiƙa mini wando, ciyawa ta kai gwiwar dawa. Na tsaya a kan kuyyar farko da hauyar baba, ina jira, ina tsoron kada ba wanda zai zo. Sai ga su ɗaya bayan ɗaya ta cikin hazo, hauya a kafaɗa, su takwas, Baba Ɗanjuma a gaba. Na gaishe su suka amsa. A al'adarmu mai gona ne ke fara sara uku kafin kowa ya duƙa, don haka na gyara tsayuwa na ɗaga hauya.

"Dakata, ɗan Garba."

Ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa zai yi, ashe hauyar yake so. Ya karɓa ya waiwaya ya ce a kira Hadiza. Ba a jima ba ta taho ta kan iyaka, hannuwanta a naɗe da tsumma. Ya ba ta. Ta yi bismilla ta sara sau uku, ina ganin yadda take cije leɓe, sannan ta miƙe.

Baba Ɗanjuma ya fara kiran gidaje. Gidan Isiya, ga mu. Gidan Sale, ga mu. Ya bi su har takwas da nasa. Da ya zo na tara ya ce, "Gidan Hadiza," ta amsa. Ya tsaya nan. Kowa ya nufi kuyyarsa, ni ina tsaye hannu wofi a gonar da aka yanke cibiyata ana nomanta. Sai da ya tofa yawu a tafinsa zai duƙa, sannan ya dube ni kamar yanzu ya gan ni.

"Akwai baƙo cikinmu," ya ce. "Wani ya ara mashi hauya, a ba shi ta bakin iyaka."

Malam Isiya ya miƙo mini wata tsohuwa mai sassauƙan ƙota. Na karɓa da hannu biyu, na tafi bakin iyaka na duƙa, ban ɗago kaina ba sai da kuyyar ta ƙare.